Kafin Ka Zuba Kuɗi a Injin CNC Mai Taret Biyu: Yadda Ake Auna Shi a Kebbi

Tun daga 2015, shekarar da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, injuna suka yawaita a jihar nan. Ga kamfanin casar shinkafa na Labana a Birnin Kebbi, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga ƙananan injunan casar shinkafa a Jega da Kamba da Yauri, sannan ga injunan ban-ruwa da ke kuka a fadama duk rani. Kowannensu yana cin shaf, yana cin bushin da fuli, kuma da yawa daga cikin waɗannan ƙarafa daga nesa ake kawo su. Ba abin mamaki ba ne mai jari ya fara tunanin kafa wurin sassaƙa su a gida, kuma da ya fara tambaya dillalai za su nuna masa bidiyon injin CNC, wato injin sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, mai taret biyu ko uku, wuƙaƙe suna cin ƙarfe ta sama da ta ƙasa lokaci guda.

Taret shi ne kan nan mai juyawa da ake ɗaure wuƙaƙen yanka a jikinsa, galibi goma sha biyu. Injin da muke magana a kansa yana da taret na sama da na ƙasa, kuma yawanci yana da sifindil biyu masu fuskantar juna, wato sassan da ke riƙe ƙarfe suna juya shi: na hagu ya riƙe ƙarfe a gama fuskarsa ta farko, na dama ya matso ya karɓa a gama bayansa, ba tare da hannun mutum ya taɓa ba. Nakamura-Tome da Okuma da Mazak da Miyano na Japan suna yin irinsa, haka DMG Mori, da Index ta Jamus, da Biglia ta Italiya, da Doosan ta Koriya ta Kudu wadda ta koma DN Solutions a 2022. Duk injuna ne na kirki. Tambayar da ke gabanka ba ta kirkinsu ba ce. Taret na biyu ba ya dawo maka da ko sisi sai a lokacin da yake yanka, saboda haka aikinka shi ne ka gano sakan nawa zai yi yana yanka a kan kayanka, a wurinka, da wutar da kake da ita.

Fara da ƙarfen da za ka sayar

Kada ka fara buɗe kundin tallar kamfani. Ɗauko kayan da kake da tabbacin masu saye, guda uku zuwa biyar, ka ajiye su kan tebur tare da zanensu. Idan babu zane, to a nan aikin zai fara, domin ba a rubuta wa CNC firogiram da "a yi shi kamar wannan". Sai ka raba aikin kowanne gida-gida, ka rubuta lokacin da kowane gida yake ci.

A ce gajeren shaf ne na famfon ban-ruwa. Sassaƙar farko ta rage kauri sakan 40, gyaran ƙarshe 15, yanka zare 10, huda rami 20, fafe gurbin ki (tsagin da ake kulle fuli da shi a jikin shaf) 25, aikin baya 30, miƙa ƙarfen daga sifindil zuwa sifindil 10. Inji mai taret ɗaya zai bi su ɗaya bayan ɗaya, sakan 150. A mai taret biyu kuwa, idan na sama ya ɗauki sassaƙa da gyara da zare da gurbin ki, ya ci 90. Na ƙasa ya ɗauki huda da aikin baya, ya ci 50. Da miƙawa, 100 ke nan, ba 75 da dillali zai so ka ɗauka ba. Wanda ya fi daɗewa a cikin biyun shi ne yake yanke lokaci, ɗayan kuma ya yi tsaye sakan 40 yana jira.

Ana iya matse shi. Idan taret biyun suka haɗu a kan sassaƙar farko, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, 40 za ta iya saukowa kusa da 22, kuma matsin wuƙaƙen biyu yana soke juna, ƙarfe siriri ba ya lanƙwasa. A takarda kowane taret ya koma 72, jimla 82. Amma akwai abubuwan da takarda ba ta faɗa. Wuƙaƙe biyu da ke aiki a kan sifindil guda dole su yarda da gudun juyi guda, ko da ɗaya tana son sauri ɗaya tana son a hankali. Lokacin fafe gurbin ki sifindil yana tsayawa cik, don haka ɗaya taret ɗin ba zai iya sassaƙa a wannan gefen ba, sai dai ya koma ɗaya sifindil ɗin. Kuma mai hankali ba zai bar ana huda rami a daidai lokacin da ake gyaran mazaunin boris ba, domin girgizar hudar za ta fito a jikin aikin. Gaskiyar lamarin tana tsakanin 82 da 100. Mu ɗauki 90.

To yanzu lissafin da mutane suka fi tsallakewa. A yinin aiki na awa 8, idan injin ya yi kashi 75 cikin 100 yana yanka, kana da sakan 21,600. Mai taret ɗaya zai ba ka 144, mai biyu 240. A wata mai kwanakin aiki 25, guda 6,000 ke nan. Kana da mai sayen shaf 6,000 duk wata? Idan amsar ita ce "ai idan mun yi za a saya", ka dakata tukuna.

Sannan ga shiri. Ɗaure wuƙaƙe ashirin da wani abu, auna kowacce, gyara haƙoran cok biyu (bakin sifindil da ke damƙe ƙarfe), da gwada firogiram a hankali don kada taret ya daki ɗan'uwansa, duk suna cin lokaci fiye da na ƙaramin inji. A ce wannan yana cin awa 6, wancan awa 2. Bambancin sakan 14,400 ne. Tunda ribarka sakan 60 ce a kowane guda, sai ka yi 240 kafin ka biya bashin shirin kawai. Wanda aikinsa yau hamsin na wannan, gobe talatin na wancan, babban injin nan baya zai mayar da shi. A ganina yawancin wuraren da za a buɗe a Kebbi ko Gusau a yanzu sun fi buƙatar ƙananan injuna biyu masu taret ɗaya: idan ɗaya ya tsaya ɗaya yana aiki, kuma mutum guda zai iya kula da duka biyun. Mai taret biyu na wanda yake da dangin kaya iri ɗaya ne, dubbai, wata bayan wata.

Idan lissafin ya tsaya, sai a dubi injin

Ramin sifindil shi ne farkon abin tambaya, wato kaurin sandar ƙarfen da za ta iya ratsa shi. A wannan aji an fi samun milimita 42, 51 da 65. Ka zaɓa bisa mafi kaurin kayanka, ka kuma tambayi ramin sifindil na dama daban, domin sau da yawa ya fi ƙanƙanta.

Ƙarfin motar lantarkin da ke juya sifindil ana rubuta shi da lamba biyu, misali kilowat 15/11. Babbar ta ɗan lokaci ce, ƙaramar ita ce wadda zai iya riƙewa yini guda. Da ƙaramar za ka yi lissafi, musamman idan wuƙaƙe biyu za su ci ƙarfe tare a kan sifindil ɗaya. Ka nemi zanen da ke nuna ƙarfin murɗawa a kowane gudu. Injin da ke da ƙarfi a juyi 4,000 a minti yana iya zama rago a 400, inda fuli mai faɗi yake buƙatarsa.

A kan taret, ka san irin mariƙin wuƙar da yake ɗauka, kamar VDI ko BMT. VDI yana da saurin cirewa da mayarwa. BMT ana ɗaure shi da kusoshi huɗu, ya fi tauri idan za a yi fafa mai nauyi. Wasu kamfanonin kuma suna da nasu tsarin da ba ya shiga na kowa. Wannan ba ƙaramin zance ba ne, domin mariƙan wuƙaƙe masu juyawa da kansu suna da tsada ƙwarai, kuma dillali yana iya ba ka farashin inji tsirara, sai ya iso ka tarar da gurabe 24 babu abin sa musu. Ka tambaya kuma ko akwai layin Y, wato motsin da ke kauce da wuƙa daga tsakiyar ƙarfe, kuma a wane taret. Idan babu shi, gurbin ki mai tsananin awo da ramukan da ba a tsakiya suke ba za su ba ka wahala.

Abu na gaba da ba ya fitowa a kundin talla shi ne taret na ƙasa yana zaune ne a inda ɓarɓashin ƙarfe yake zuba. Idan kayanka na ƙarfen da ba ya tsatsa ne, irin 304, ɓarɓashinsa ba ya karyewa da sauƙi, yana fita dogo kamar igiya ya naɗe wuƙa. A nan famfon ruwan sanyaya mai matsi, irin mai matsin ba (bar) 70, yake da amfani. Ka tsaya ka kalli inda tarkacen yake taruwa bayan awa guda ana aiki.

Gwaji da ƙarfenka, ba nasu ba

Gani ya kori ji. Kowane dillali yana da ƙarfen nuni da ya daɗe yana yankawa, yana fita sumul. Kai kuwa ka aika da zanenka da sandunan ƙarfen da za ka riƙa saya a kasuwa, ka ce a yi gwajin da su. Ƙarfen da muke samu ba kullum yake zuwa da takardar shaidar irinsa ba. Wani ana ce maka irin da ake kira C45 ne, ka sa wuƙa ka ji taurinsa ya bambanta daga wannan sanda zuwa waccan. Miƙewar sandar ma abin dubawa ce. Injin tura sanda, irin na LNS ko Iemca, yana son karkatar da ba ta wuce kusan rabin milimita a kowace mita ba. Baƙar sanda mai ɓawo da ta sha jifa daga kan tirela, idan ta shiga tana juyi 3,000, duk injin zai ɗauki rawa. Idan irinta ce kawai za ka iya samu, gara gajeren injin turawa da yankakkun sanduna, ko a riƙa sa wa cok da hannu, kuma wannan ya canza lissafin da ka yi a sama.

Yadda za a yi gwajin: a kunna injin da safe yana sanyi, a yanka guda 30 zuwa 50 a jere, kada kowa ya taɓa gyaran awo a kwamfutar. A jera su kan tebur bi da bi, a rubuta wa kowanne lamba da alli. A kashe injin kamar na tsawon tafiya sallar Azahar da cin abinci, a dawo a yanka wasu goma. Sai ka ɗauki maikromita ka auna wuri guda a jikin kowanne.

Ga abin da kake nema. Boris mai lamba 6205 raminsa milimita 25 ne, kuma mazauninsa a jikin shaf, idan an bi awon k6, dole ya faɗa tsakanin 25.002 da 25.015. Duk filin da kake da shi maikron 13 ne, maikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Idan na farko ya ba ka 25.005, na ashirin 25.011, na arba'in 25.017, to injin yana tafiya yayin da yake ɗumama, kuma ma'aikacinka zai yini yana binsa da gyara. Ka dubi na farko bayan hutun nan da kyau, shi ne yake tona asirin inji. Masu harkar suna taƙaita wannan da lambar Cpk, wadda ke nuna yadda inji yake riƙe awo cikin filin da aka ba shi. A nemi 1.33 ko sama a kan awon da ya fi tsanani. Ka kuma ɗora shaf ɗin ka sa agogon awo, na'urar nan mai allura da ke nuna karkata, ka ga ko fuskar da aka yi a hagu da wadda aka yi a dama suna kan tsakiya guda. Idan allurar tana lilo, sifindil biyun ba sa kallon juna daidai.

Ka riƙe agogo a hannunka lokacin gwajin. Kada ka tsaya kan jimlar lokaci kaɗai, ka ƙirga sakan nawa kowane taret ya yi tsaye. Kamfani mai mutunci zai kuma ba ka takardar gwajin injin bisa ƙa'idojin ISO 13041 da ISO 230, har da sakamakon gwajin da'ira da ake yi da na'urar Renishaw.

Zafi, ƙura da wuta

An tsara awon ƙarfe a duniya ne a kan zafin digiri 20. A Birnin Kebbi kuwa, daga Maris zuwa Mayu, wuce 40 ba labari ba ne, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Ƙarfe yana ƙaruwa da kusan maikron 11 zuwa 12 a kowace mita idan zafi ya hau digiri ɗaya. Shaf ɗin nan mai milimita 25, idan ya fi abin awonka zafi da digiri 20, zai nuna ƙarin kusan maikron 6, wato kusan rabin filinka. Shi ya sa ba a auna aiki yana fitowa da zafinsa, kuma ba a ajiye maikromita a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a fito da shi a auna ƙarfen da ya yini a rumfa. Jikin injin kansa ya fi wannan tafiya, tunda ya fi tsawo. Ka tambayi iyakar zafin da aka yarda ya yi aiki a ciki, ko yana da na'urar sanyaya man sifindil, ko akwatin lantarkinsa yana da na'urar sanyaya tasa ko fanka ce kawai. A nan fanka kawai ba ta isa. Ɗaki rufaffe mai silin, ko da ba a sanyaya shi sosai ba, ya fi buɗaɗɗiyar rumfa nesa ba kusa ba, domin ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai a kan hanyoyin da injin yake zamewa, sai ta zama abin goge ƙarfe.

Wutarmu layi uku ce, kusan bolt 415, zagaye 50. Yawancin injunan Japan suna aiki ne da bolt 200, saboda haka akwai taransifoma a tsakani. Ka tabbatar tana cikin farashi. Wanda aka yi don Amurka an tsara famfunansa a kan zagaye 60, a nan gudunsu zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, matsin ruwa da na mai ya ragu.

Janareta kuma ba a sayensa daidai da lambar kVA da ke jikin inji. Idan sifindil ya taka birki, injunan zamani suna mayar da wuta baya zuwa layi. Babban layi yana shanye ta, ƙaramin janareta kuwa ba ya iyawa, sai wuta ta yi tsalle injin ya tsaya da ƙararrawa a tsakiyar yanka. Ka sa kamfanin ya rubuto maka girman janaretan da ya yarda da shi. Ka haɗa da kwamfireso mai busar da iska, da wayar ƙasa da aka binne da kyau aka auna. Ɗaukewar wuta a wannan inji ta fi muni, domin tana iya samun sifindil biyu riƙe da ƙarfe guda, wuƙaƙe biyu a cikinsa. Ni da a bar mini, a kan janareta zai yini, ko da akwai wutar gari, kuma kuɗin man dizal ya shiga farashin kowane shaf tun daga farko.

Ruwan rijiyar burtsatse ma a gwada shi kafin a haɗa ruwan sanyaya, wanda galibi ake sa wa mai kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Ruwa mai gishiri-gishiri yana raba shi, yana kawo tsatsa.

Idan na hannu ne

Mafi yawanmu na hannu za mu iya, kuma babu laifi. Amma inji mai taret biyu da ya yi shekaru yana aiki, da wuya a ce bai taɓa karo ba. Ka buɗe tarihin ƙararrawa a kwamfutarsa, ka dubi awannin da ya yi a kunne da waɗanda ya yi yana yanka. Ka sa agogon awo a cikin hancin kowane sifindil ka juya da hannu. Ka auna ko gurbin wuƙar huda na kowane taret yana faɗawa daidai tsakiyar sifindil. Ka dubi murafan ƙarfen da ke rufe hanyoyi: lotsawa ko sabon fenti a wuri guda yana da labari. A bar sifindil ya yi gudu na rabin awa, ka saurara, ka taɓa gidan boris.

Akwai wani tarko da ba kowa ya sani ba. Kamfanonin Japan da dama suna sa wa injunansu na'urar da ke gane an ɗaga su daga inda aka kafa su, saboda dokokin ƙasarsu na fitar da irin waɗannan kaya. Da an motsa shi sai ya kulle, ba ya buɗewa sai kamfanin ya tabbatar da inda yake da wanda ya saya. Ka warware wannan a rubuce, da lambar injin, kafin ka biya ko kobo. Haka kuma a kwafe maka duk saitunan kwamfutar a kati, a ba ka littattafansa da zanen wayoyinsa, a sa sabbin batura kafin a ɗora shi a jirgi. Tsakanin teku, da zaman tashar Apapa ko Tin Can, da doguwar hanyar nan ta Ilorin, Jebba, Mokwa, Kontagora, Yauri har Jega, watanni za su iya wucewa. Idan batir ya mutu a hanya, injin zai iso ya manta inda yake tsaye, wani lokaci har da saitunansa.

Nauyinsa yakan kai tan takwas zuwa sama. Ka san wa zai sauke shi, da me, da kuma ko daɓenka zai ɗauka, tun kafin tirela ta tsaya a ƙofa.

Wa zai tuƙa shi, wa zai gyara shi

Kowane taret yana da nasa firogiram, kuma ana sa musu alamomin jira don wannan ya dakata har wancan ya kauce. Alama ɗaya ta ɓace, taret biyu su haɗu da gudu. Wanda ya iya inji mai taret ɗaya ya yi rabin hanya ne kawai. Matasan da suka karanta injiniyancin injuna a Kwalejin Waziri Umaru ta Birnin Kebbi ko ta Ƙaura Namoda za su iya koya, amma ka sa horon mutum biyu cikin yarjejeniya, ba ɗaya ba, kuma a yi shi a kan kayanka. Idan za ka sayi manhajar rubuta firogiram irin Esprit ko GibbsCAM ko Mastercam, ka tabbatar an gwada ta da wannan samfurin inji takamaimai, kuma tana nuna motsin taret biyun a allo kafin a taɓa ƙarfe.

Wajen zaɓen kwamfutar injin, ka fifita wadda za ka samu mai gyaranta a Najeriya. Fanuc da Siemens sun fi yaɗuwa a duniya. Okuma tana amfani da tata OSP, Mazak kuma Mazatrol. Ka tambayi dillali kai tsaye: injiniyanku a ina yake zaune, kwana nawa zai yi kafin ya iso Kebbi, wa zai biya kuɗin zuwansa, waɗanne kayan gyara kuke da su a ƙasa a yau? Ka nemi ya haɗa ka da wani da ya sayi irinsa a hannunsu, ka je da kanka ba tare da dillalin ba, ka yi hira da wanda yake tsaye gaban injin, ba mai gidan kaɗai ba.

A takardar ciniki a rubuta sunan kayan da aka gwada, lokacin da aka yi alkawarin kowane guda zai ci, da awon da dole ya riƙe. A raba biya: wani kaso da oda, wani bayan gwajin can, sauran kuma sai an kafa injin a wurinka, an daidaita shi, an maimaita gwajin nan na guda 30 zuwa 50 da wutarka da ƙarfenka, da rana tsaka. A rubuta kuma cewa garanti yana fara ƙirgawa ne daga ranar da aka sa hannu a kan wannan gwaji na biyu, ba daga ranar da injin ya bar masana'anta ba.